Ɗari a Bisa Dutse: Sharhi kan Zanen Barth da Bernatz na Hanyar Damargu zuwa Kano (1851)

0. Gabatarwa

Littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth (1821-1865) ya fito cikin juzu'i 5 a shekarun 1857 da 1858, da Ingilishi a Landan wajen Longman, da Jamusanci kuma a Gotha wajen Justus Perthes. Ban da taswirori da ƙananan zane-zane na cikin rubutu, bugun Landan yana ɗauke da alluna 60 masu launi. Waɗannan alluna sun daɗe da barin littafin da ya haife su: ana ganin su a bangon littattafan tarihi da cikin kundayen ɗalibai, galibi da sunan Barth kaɗai a ƙarƙashinsu, mai karatu kuma yakan ɗauke su tamkar hoton da na'ura ta ɗauka.

A cikin wannan ɗan nazari za mu bi sawun aikin zane daga farkonsa har ƙarshensa, wato daga idon matafiyi zuwa takardar da ta fito daga maɗaba'a. Mun zaɓi yankin tafiyar da ya faɗo cikin ɗari, daga tsakiyar Disamban 1850 zuwa Fabrairun 1851, lokacin da Barth ya sauko daga Abzin, ya ratsa Damargu, ya isa Kano. Tambayarmu ita ce: a kowane mataki, me ya ƙaru cikin zanen, me kuma ya zube? Abin da za mu nuna shi ne, gwargwadon yadda zanen ya yi ta cika da ƙananan abubuwa, haka lokacin shekara ya yi ta fita daga cikinsa, har ya zamana allon da aka gama yana da kwanan wata na ɗari amma babu ɗari a jikinsa.

Ga kalmomin aiki da za mu riƙe: daftarin zane (croquis), allo (planche), bugun dutse (lithographie), dutsen launi (pierre de teinte).

1. Hiver, hivernage, ɗari

Kafin a tambayi mai zane ko ya zana ɗari, dole a san abin da kalmar take nufi. Malamin da ke koyarwa da harsuna biyu ya san tarkon da ke nan. A Faransancin Afirka ta Yamma, kalmar hivernage, duk da cewa daga hiver ta fito, damana take nufi. Ita kuwa hiver, ba ta da takwara guda a Hausa, domin shekarar Bahaushe ba a kasa ta huɗu irin ta Turai ba. Akwai damana, kaka, ɗari ko hunturu, rani, da bazara, kuma iyakokinsu aikin gona da halin iska ne ke yanke su. Ƙanƙarar da ke rufe ƙasa a Turai ma sai da aka ƙirƙira mata suna, dusar ƙanƙara, aka aro kamanninta daga abin da ke fita in an surfa hatsi.

Abu na biyu shi ne bambancin sanyi da ɗari. Dubi waɗannan misalai:

(1) Ana sanyi.
(2) Ana ɗari.
(3) Ruwan randa ya yi sanyi.
(4) *Ruwan randa ya yi ɗari.

Jimla ta (1) da ta (2) duka Faransanci zai fassara su da « il fait froid ». Amma rashin karɓuwar (4) yana nuna cewa kalmomin biyu ba su zama ɗaya ba. Sanyi sifa ce da abu kan ɗauka: ruwa, fura, inuwa, har hali. Ɗari kuwa na iska ne, busasshiya mai kaɗawa, kuma a jikin mutum ake sanin sa. Tare da shi ake samun wasu kalmomi da ke tafiya ayari guda: hazo, ƙura, kaushi, faso, mura, jin ɗumi. Rabinsu na sararin sama ne, rabinsu na fata.

Wannan bayani yana da amfani kai tsaye ga sharhin zane. In ɗari ba sifar abu ba ce, to, ba za a same shi a jikin katanga ko soro ba, kome kyan zanensu. Wanda zai zana shi sai ya zana abu biyu: iskar da ke tsakanin ido da abin kallo, da kuma yadda mutum da dabba da itace suke karɓar wannan iska. Da wannan ma'auni za mu auna aikin.

2. Damargu a Janairun 1851: abin da rubutu ya riƙe

Damargu ita ce ƙasar da yau ta ƙunshi gundumar Tanut da ta Belbeji a jahar Damagaram. An cire Belbeji daga Tanut a shekara ta 2011. Garin Tanut yana da nisan kimanin kilomita 150 arewa da Zinder, bisa hanyar Agadas. A ƙarni na 19 ita ce rumbun Abzin: daga nan hatsin da Abzinawa ke ci yake fita, ta nan kuma ayarin gishirin Bilma yake bi zuwa ƙasar Hausa. Masanin tarihi Stephen Baier ya yi bayanin wannan ciniki a littafinsa na 1980 kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar.

Turawa uku ne suka shigo ta tare: James Richardson, shugaban tafiyar, da Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg. Sun baro Tarabulus a Maris ɗin 1850. A tsakiyar Disamba suka tashi daga Abzin tare da ayarin gishiri na Kel Ewey, ƙarƙashin kariyar tsohon shugabansu Annur na Tintellust. Sun ƙetare dajin Tagama a ƙarshen shekara, suka sauka Taghelel, ƙauyen Annur a Damargu, cikin makon farko na Janairu. A nan suka rabu ranar 11 ga wata: Richardson ya nufi Zinder, ya rasu a Ngurutuwa cikin Borno a farkon Maris, Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, Barth ya bi ta Tasawa, Gazawa da Katsina, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu.

Duk wanda ya karanta babukan da suka shafi wannan zango zai ga lokacin shekara a kowane shafi. Barth yana maimaita kukan iska mai sanyi da rairayin da take kwasowa a tudun Tagama. Yana kukan ƙarangiya, wadda a wannan lokaci ta riga ta bushe tana manne wa tufa da fata. Da ya shigo Damargu, abin da ya tarar gonaki ne da aka girbe, sai kututturan kara. Bukkokin da aka yi da kara. Rumbuna a ɗage bisa itace don gudun gara da ɓera. Shanu da dawaki da kaji. Da wahalar ruwa. Ya ambaci manyan garuruwan ƙasar, cikinsu har da Olalewa da Kulan Karki. Ko da bai rubuta kwanan wata ba, ɗan Tanut da aka karanta wa wannan bayani zai ce bayan kaka ne, rumbu a cike, ayari na hanya. Rubutun ya ci jarrabawar da muka gindaya a sashe na 1: akwai iska, akwai jiki.

Daga wannan tafiya ta ɗari, allon da duniya ta fi sani shi ne na Kano daga Dutsen Dala, wanda ke ɗauke da kwanan wata na Fabrairun 1851, wato kimanin wata guda bayan rabuwar Taghelel, a ƙarshen hanya guda kuma ƙarƙashin iska guda. Shi za mu sa a gaba. Amma kafin nan sai mu ga hannuwan da ya bi.

3. Matakan aikin

3.1. Daftari. Barth masanin tarihi ne da labarin ƙasa da harsuna, zane kuwa ba sana'arsa ba ce. Yana tafe da agogo da na'urar nuna alƙibla, yana rubuta abin da ya gani a ƙananan littattafai, yana kuma ɗan zana siffar dutse ko gari in ya samu dama. A Kano damar ƙanƙanuwa ce: ya iso ba kuɗi, ga bashi, ga zazzaɓi. Daftarin da mutum zai yi cikin wannan hali layuka ne: iyakar gari, inda manyan gine-gine suke, tsayin itatuwa. Fensir yana kama gefen abu. Hazo ba ya da gefe. Tun a matakin farko ke nan lokacin shekara ya fara zubewa, sai dai abin da ya rage a ƙwaƙwalwar mai daftarin.

3.2. Zane. Bayan Barth ya koma Turai a 1855, an miƙa daftarinsa ga Johann Martin Bernatz (1802-1878), ɗan garin Speyer mazaunin Munich, gwanin zanen ƙasa da gine-gine. Bernatz ba baƙon tafiya ba ne. Ya raka G. H. von Schubert zuwa Masar da Sina'i da Falasɗinu a 1836-1837, ya kuma bi tawagar Harris zuwa Shawa a ƙasar Habasha a 1841-1843, abin da ya haifar da kundin zanensa na Habasha da aka buga a 1852. Ya san raƙumi, ya san dabino, ya san hasken ƙasashe masu zafi. Amma bai taɓa taka Damargu ko Kano ba. A Hausance, Barth ganau ne, Bernatz jiyau. Duk da haka hannun jiyau ne ya zuba mafi yawan abin da ido ke gani a allon: kaurin inuwa, ganyen itace, naɗin tufa, tsayuwar mutane, launin sama.

3.3. Dutse. Bugun dutse, wanda Alois Senefelder ya ƙago a Munich a ƙarshen ƙarni na 18, ya dogara ga ƙiyayyar ruwa da maiƙo. Ana zana hoton da alli mai maiƙo bisa shafaffen dutsen farar ƙasa, a juye, dama ta koma hagu. A jiƙa dutsen, a bi shi da tawada: inda alli ya taɓa tawada ta kama, inda ruwa ya zauna ta ƙi. Wannan aiki na masu maɗaba'a ne. A bugun Landan kamfanin M. & N. Hanhart ya yi shi. Hannu na uku ke nan.

3.4. Launi. Kowane launi da dutsensa. Bayan baƙin zane, akan bi takardar da duwatsun launi ƴan kaɗan, ɗaya don sama, ɗaya don ƙasa, da sauransu. Tun da alluna 60 ne za su zauna cikin littafi guda, maɗaba'a tana neman su yi kama da juna. Sakamakon haka, wuraren da ke da nisan dubban kilomita da watanni daban-daban sukan fito da haske mai dangantaka.

3.5. Suna. Daga ƙarshe a rubuta sunan wuri da kwanan wata a ƙasa. Abin lura a nan shi ne, ranar da aka rubuta ta daftari ce, ta mataki na 3.1, alhali abin da ke sama da ita ɗan mataki na 3.2 zuwa 3.4 ne, an yi shi bayan shekara biyar ko shida a wata nahiya. Kwanan watan yana ba da shaida ga abin da bai gani ba.

Ya kamata a faɗi cewa littafin bai ɓoye kome ba. Barth ya ambaci Bernatz a gabatarwarsa, kuma a gindin alluna an rubuta da ƙananan haruffa cewa Bernatz ya zana daga daftarin Barth. Masu sake bugawa ne suke yanke wannan layi.

4. Allon Kano

Mu fara da yabo, domin aikin ya cancance shi. Bernatz ya san yadda ake jan ido daga kusa zuwa nesa. Ya sa mutane a gaba don su ba da ma'aunin girma, ya shimfiɗa gari a tsakiya, gidan ƙasa bayan gidan ƙasa da itatuwa a tsakaninsu, ya bar sama ta rufe. Wanda bai taɓa jin sunan Kano ba, in ya duba allon zai gane cewa babban birni ne mai faɗi, kuma wannan shi ne saƙon da Barth yake son Turai ta ji. A fuskar siffar gari, allon yana tafiya daidai da rubutun.

Yanzu a rufe rubutun da ke ƙasa da tafin hannu, a tambayi wanda ya san ƙasar: wane wata ne wannan? Ba abin da zai tilasta masa ya ce Fabrairu. Ido yana tafiya har ƙarshen gari ba tare da ya ci karo da kome ba. Gidan da ke nesa ya ƙanƙance bisa ƙa'idar zane, amma bai dushe irin dushewar da ƙura ke sa wa ba. Itacen da ya fi fitowa, dabino, kore ne rani da damana, don haka ba ya ba da labarin lokaci.

Wani zai ce ai ba kullum ake hazo ba. Gaskiya ne. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshen laka na tsohon tafki, zuwa take yi zango-zango: kwanaki gari ya rufe har a kasa ganin abin da ke nisan kilomita guda, kwanaki ya washe. Mai yiwuwa ne Barth ya hau Dala ranar da gari ya washe, kuma mai son zana birni irin wannan rana zai zaɓa. Saboda haka ba mu ce allon ƙarya ba ne. Abin da muke cewa ya fi wannan sauƙi: allon ba ya iya zama hujja kan wannan batu, ko ta nan ko ta can, domin hannun da ya sa sama bai ga samar ranar ba. Kuma ko a ranar da ta washe, ɗari yana barin alamunsa a ƙasa, kamar yadda za mu gani.

Wani kuma zai ce kayan aikin ne ba su iya ba. Wannan ba ya tsayawa. Dutsen launi ya fi kowace dabara dacewa da hazo, tun da aikinsa shimfiɗa launi marar gefe ne. A cikin allunan Masar na David Roberts, waɗanda Louis Haghe ya buga bisa dutse a Landan a shekarun 1840, akwai wanda ke nuna guguwar rairayi tana tunkarar Giza, rana ta koma jan faifai. Masu sana'ar sun iya zana ƙura in an nemi su yi. A littafin Barth ba a nema ba, domin littafin na bayyana ƙasa ne, mai saye kuma yana son ya ga garin da aka sha wahala aka kai gare shi. Hazo yana ɓoye abin da aka biya kuɗi a gani.

5. Me ya sa ɗarinmu ke da wuyar zanawa

Turai tana da tsohuwar al'adar zanen hunturunta, kuma Bernatz a cikinta ya tashi. A littafin addu'o'in Duc de Berry, wanda ƴan'uwa Limbourg suka fara ƙawatawa a farkon ƙarni na 15, ana kuma ajiye da shi a Chantilly, shafin Fabrairu yana nuna gona a rufe da dusar ƙanƙara da manoma suna jin ɗumi a bakin wuta. A 1565 Pieter Bruegel Babba ya zana mafarauta suna komowa gida cikin ƙanƙara, hoton da ke Biyana a yau. Abin da ya sa irin waɗannan hotuna suke ɗaukar ƙananan abubuwa barkatai shi ne, farar ƙasa tana fito da kome: baƙin reshe, tsuntsu, mutum a can nesa bisa daskararren ruwa. A can, sanyi abokin dalla-dalla ne.

A Damargu al'amarin a juye yake. Hazo yana cinye nesa, yana rage launi, yana mai da rana farin tasa da ake iya kallo da ido. Mai zanen da ya ce zai cika nesa da ƙananan abubuwa ya riga ya kori ɗari daga hotonsa. Dole ya kwaso gwanintarsa ya kawo ta kusa, cikin taku goma ko ashirin na farko, ya bar sauran takardar ta dushe. A wannan ɗan fili kuwa abin zanawa ba ya ƙarewa. Muna iya kasa shi uku:

(a) Itace da ciyawa. Gawo yana da ganye a wannan lokaci, shi da ke tsirara da damana. Kuka kuwa ta zubar da nata. Hoton da ya haɗa gawo mai ganye da kuka marar ganye ya faɗi lokacinsa ba da rubutu ba. Ga magarya da aduwa da ƴaƴa, ga ƙarangiya busasshiya, ga kara a tsaye ko a kwance cikin gona.

(b) Aiki. Rumbu a rufe da sabuwar jinka, mata na sussuka da shiƙa, iska na kwasar ƙaiƙayi gefe guda. Maza na saƙar zana da gyaran darni. Raƙuma a durƙushe an sauke musu kantu, ana awon hatsi. Shanun Fulani cikin gonakin da aka girbe. Gidan da samarinsa suka tafi cin rani.

(c) Jiki. Rawani an ja shi har hanci, bargo ko gwado a kafaɗa, yara a tsugune kewaye da wutar kara da sassafe, ƙafa ta yi furu-furu, diddige da faso, leɓe a bushe, awaki a takure jikin darni ta gefen da iska ba ta bugowa.

In aka duba wannan jeri za a ga kusan dukan (a) da (b) suna cikin rubutun matafiyan 1851 ko a gefensa. Abin da alƙalami ya kama cikin sauƙi shi ne ya kuɓuce wa dutse. Dalili kuwa, ƙananan abubuwan da Bernatz ya zuba na ko'ina ne, daga taskar da ya tara a Masar da Habasha, waɗanda muka lissafa kuwa na wuri guda ne da wata guda, ba a kuma sanin su sai an kwana a wurin.

6. Darasi daga ɓangaren harshe

Tafiyar nan ta kai wa Turai kaya iri biyu daga ƙasar Hausa, hoto da harshe, kuma hanyoyin da suka bi sun bambanta. Barth ya koma da samari biyu da Overweg ya ƴanta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne ɗan ƙasar Damagaram, maƙwabciyar Damargu ta kudu. A Ingila ya zauna da J. F. Schön, wanda ya rubuta labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi daga bakinsa. Wannan aiki ya shiga nahawun Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da Magana Hausa na 1885. Rubutun Schön yana da nasa raunin, musamman wajen sautuka da tsawon wasali da karin sauti, amma a ƙarƙashinsa akwai muryar mai harshen, shi ya sa har yau masu nazarin karin harshe suke komawa gare shi.

Hoto bai samu Dorugunsa ba. A shekarun da ake shirya alluna, akwai a Turai yaron da ya san ɗari a fatarsa, ya san lokacin da gawo ke fid da ganye, amma bakinsa aka nema, idonsa bai shiga aikin ba. Mu da muka saba tambayar kowace jimla wa ya faɗe ta, a ina, wa ya rubuta, ya kamata mu yi wa hoto irin wannan tambaya. Allon Bernatz fassara ce, daga daftarin wani, zuwa harshen zanen Jamus na tsakiyar ƙarni na 19. Fassara ce mai kyau, kuma kamar kowace fassara tana da mai ita.

7. Kammalawa

Mun bi zane guda ta matakai biyar, mun ga cewa ganau ya ba da layuka kaɗan, jiyau ya ba da sauran, maɗaba'a ta daidaita launi, kwanan wata kuma ya rufe duka da hatimin shaida. Karin magana na cewa gani ya kori ji. A wannan karo, wanda ke neman sanin yadda Damargu da Kano suke a ɗarin 1851 zai fi samun biyan bukata a rubutu bisa ga hoto.

Daga nan muna ba da shawara uku. Ta farko ga ɗalibai masu rubuta kundi: duk wanda ya ɗauki allo daga littafin Barth ya rubuta sunaye biyu, Bernatz bisa daftarin Barth, da shekaru biyu, ta daftari da ta bugu, kuma kada ya kafa hujja da tufa ko itace ko yanayin sama da ke ciki sai rubutun ya goyi baya. Ta biyu ga masu fassara tsakanin Hausa da Faransanci: a bar hiver inda take, a fassara ɗari da abin da yake, ko da zai ci kalmomi uku. Ta uku ga masu zana littattafan karatu cikin harsunan ƙasa, aikin da ke da tarihi a jahar nan tun buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder a 1973: shafin ɗari yana bukatar mai zanen da zai je Tanut ko Belbeji a Janairu, ya fita da sassafe, ya zana abin da ke kusa da shi da dukan ƙwarewarsa, ya kuma yarda ya bar nesa fara. Ma'aunin nasararsa shi ne wanda muka gwada a sashe na 4: a rufe rubutun da ke ƙasa, a nuna wa yaron Olalewa, a tambaye shi wane lokaci ne.